Kuza kakanka ya haƙa, ba kwal ba

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce kakanka ya baro ƙasar Katsina yana saurayi ya zo haƙar kwal a wani bariki kusa da Bukuru, kana son sanin yadda zaman wurin yake da abin da ya kashe barikin. In dai Bukuru ce, to kuza ya haƙa. Kwal na Inugu ne: a 1909 aka gano shi a yankin Udi, can ne kuma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. Amma na ga inda maganar ta cakuɗe a gidanku, don tun da layin dogo na gabas ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, jirgi yake jigilar kwal ɗin Inugu zuwa nan. Lebura zai iya shekaru yana ganin tsibin kwal a tasha, bai taɓa ganin raminsa ba.

Ni a irin wannan barikin aka haife ni, tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Mahaifinmu da kwanon sarki ya fara, yana kwaso ƙasa daga rami zuwa wurin wanki, har ya zama helma. Helma shi ne komai: shi ke ɗaukar lebura, shi ke ba shi bashin hatsi, shi ke tsaya masa gaban akawu, wani lokaci shi ke nema masa aure. Shi ya sa za ka ga layi guda duk 'yan gari ɗaya ne, wani ya jawo wani. Turawan suna can Rayfield da furanninsu, mu muna layin ɗakuna, ƙofa na kallon ƙofa.

Sanyi ne abin da tsofaffi ba sa mantawa. Mutum ya fito daga zafin Daura, a ce ya shiga ruwa har gwiwa da sanyin safiya cikin Disamba, yana juya ƙwarya har yashi ya tafi, baƙin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Ƙafar mahaifinmu duk kaushi da faso, kullum dare sai an shafa mata man kaɗe a bakin wuta. Wannan ma na masu zuwa da kansu ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, wanda iyayenmu ke kira ɗiban gwamna. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa turo mutane, ba bargo, ba isasshen abinci, da yawa nan aka binne su. Ka bincika ko a wannan ɗiban kakanka ya zo.

Ranar biya kuwa bariki ya cika ya batse. Fulani da nono, matan Birom da itace da acca, mahauta, masu kalangu, 'yan caca a bayan kasuwa, ga magajiya da 'yan matanta. Ba zan ɓoye maka ba, akwai wanda kafin Litinin ya koma wurin helma neman bashi. Amma a barikin nan ne kuma alaramma ke kunna wutar karatu bayan magariba, Bahaushe da Babarbare da Bayarabe sahu ɗaya a masallaci, akawu Ibo ya zo sunan ɗanka, kai ma ka je masa gaisuwar mutuwa. Hausa kowa ke yi. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne gonakin Birom ne aka farfasa aka yi waɗannan ramuka, kuma wannan ciwon bai warke ba. Duk wanda zai ba ka tarihin bariki ya tsallake wannan, rabi ya ba ka.

Mutuwar bariki ba rana ɗaya ba ce. Kuzan da ke kusa da sama ya ƙare, haƙa ta yi tsada, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara tattara komatsansu. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, har manyan kamfanonin haƙar kuza irin su ATMN ba su sake miƙewa ba. Kuma ka san komai na kamfani ne, famfo, ɗakin shan magani, gyaran hanya. Da ya tafi sai suka bi shi. Abin da ya tsaya shi ne wanda mutane suka gina da hannunsu, masallaci da kasuwa da maƙabarta. Wasu suka koma loto, ramin nan mai kama da rijiya da ake zura mutum da igiya, wanda ya rufta da samari ba adadi. Wasu suka kama noman rani da ruwan tafkunan da haƙa ta bari, kabeji da karas da dankalin Turawa, su ne dai tafkunan da ke cinye mana yara masu wanka. Sai rikicin 2001 da na 2010 suka watsa da yawa daga waɗanda suka rage, suka dawo cikin Jos da Bukuru ko suka yi Bauchi.

In kana son gano sawun kakanka, kada ka tsaya neman takardun kamfani, lebura ba ya cika fitowa a cikinsu. Ka tambayo tsofaffin gidanku sunan helmansa da laƙabin da ake kiransa da shi, don a bariki ba a san mutum da sunan yanka ba, sai Ɗan Katsina ko Dogo ko Na Helma. Da waɗannan biyun ka je wurin liman ko mai unguwa a Sabon Gidan Kanar, Bisichi ko Dorowa Babuje, ka riƙe goro, ka je bayan la'asar lokacin da dattawa ke zaune. Ka turo mini sunan barikin in ka samu, wataƙila in san wanda zan haɗa ka da shi.