Wane fomat ya dace da had-dis ɗin ajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Tudun Wada. Na sayi had-dis na waje mai terabait 2 don ajiye kwafin ayyukana. Da na zo yi masa fomatin, kwamfuta ta ce in zaɓa tsakanin NTFS da exFAT. Wanne zan danna? Kuma abokina ya ce in ƙara sayen ɗaya in haɗa su RAID, shi ke nan na huta.

Amsa: Wa alaikumus salam. NTFS da exFAT fomat ne, wato tsarin da had-dis ke bi wajen jera fayiloli. Idan duk kwamfutocin da kake aiki da su Windows ne, danna NTFS kada ka yi wata-wata. Dalili shi ne NTFS yana da ɗan kundi da yake rubuta canjin da zai yi kafin ya yi shi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ko yaro ya fizge wayar, fayil ɗin da ake kwafa na iya lalacewa, amma tsarin had-dis ɗin yakan gyara kansa daga wannan kundin. exFAT ba shi da wannan. A garin da wuta ke tafiya ba sallama kamar Kaduna, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

To mene ne amfanin exFAT? Microsoft ta fito da shi a 2006 domin filash da memori, kuma Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kansa. NTFS kuwa, Mac yana buɗe shi ya karanta, amma ba ya rubutu a kai sai an ƙara masa wata manhaja. Saboda haka in kana kai bidiyo wurin mai tacewa da ke amfani da MacBook, samu wani had-dis daban ka yi masa exFAT ya zama na zirga-zirga. Na ajiya kuma ya zauna a gida. Masu Mac zalla su yi APFS, fomat ɗin Apple, wanda Time Machine, manhajar ajiye kwafi ta Mac, ke amfani da shi tun macOS Big Sur na 2020. Ka kuma sani fomatin yana share duk abin da ke ciki, don haka yanzu da yake babu komai ne lokacin yanke shawara.

Maganar abokinka ita ce ta fi damuna. RAID haɗa had-dis biyu ko fiye ne su yi aiki kamar ɗaya, kuma iri-iri ne. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a had-dis biyu a lokaci guda, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amma in ka goge bikin wani bisa kuskure, ya gogu a duka biyun nan take. In bairos ya kulle fayilolinka, ya kulle duka. In tsawar damina ta biyo waya, ko ɓarawo ya shigo, tare za su tafi tunda wuri ɗaya suke. Idan kuwa RAID 0 yake nufi, wannan rarraba fayil yake tsakanin biyun don sauri, ɗaya ya mutu ka rasa komai.

Ka sayi na biyun, amma kada ka haɗa su. Masana harkar ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wurinka wannan na nufin kwamfutarka, da had-dis ɗin gida, da wani da za ka ajiye a gidan ɗan'uwanka, ko a Kawo yake ko a Barnawa, ka riƙa musanya su duk mako. Bidiyon ɗaurin aure ba a sake ɗaukarsa, kuma amanar mutane ce a hannunka. In ka gama kwafi, ka cire had-dis ɗin ta hanyar da ta dace, ka sa shi a jaka saboda ƙurar hunturu, kuma lokaci-lokaci ka buɗe tsohon bidiyo ka tabbatar yana wasa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Unguwar Rimi. Filash ɗina mai gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyo mai gigabait 6. Ya lalace ne?

Amsa: Malama, lafiyarsa ƙalau. Tsohon fomat mai suna FAT32 ne a kansa, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan filin da ya rage. Ki yi masa fomatin zuwa exFAT, zai karɓa. Sai dai wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kaɗai suke ganewa.

In kuma takardun karatunki ne kike ajiyewa a ciki, ki ɗora kwafinsu a Google Drive, gigabait 15 na farko kyauta ne. Akwai jabun filash a kasuwa da ke nuna girman da ba su da shi, sai an cika su fayiloli su fara lalacewa. Manhajar H2testw tana gano su, ki gwada naki da ita kafin ki zuba masa abu mai muhimmanci.