Tambaya da Amsa: Me zan duba a waya in ban da gajerun bidiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aikin dare nake yi, in aiki ya lafa sai in ɗauki waya in yi ta jan gajerun bidiyo har asuba, amma gari na wayewa ko guda ba na tunawa. Don Allah me ke akwai a intanet da ya cancanci a karanta, a kalla, ko a buga? Daga ƙaninka mai aikin dare.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Waɗancan bidiyoyin an tsara su ne don kada su ƙare, kana gama ɗaya an miƙo maka wani. Ni abu mai ƙarshe nake nema, wanda zan gama in ajiye waya.

Akwai shafin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, mai suna Astronomy Picture of the Day. Tun 1995 ake saka hoto guda a kullum, da ɗan bayanin masanin taurari a ƙasansa, shi ke nan. Shi nake fara buɗewa da safe, kuma bai taɓa cin min minti biyar ba.

Tunda aikin dare kake yi, gwada Radio Garden, wanda aka fara a ƙasar Holan a 2016. Duniya ce za ka gani kamar ƙwallo, cike da ɗige-ɗige kore, kowane ɗigo gari ne da tashoshin rediyonsa. Ka juya ta da yatsa, ka ji ana gaida masu sauraro da barka da asuba a Japan alhali kai dare bai raba ba. Ido ya huta, kunne ya yi yawo.

Wasa kuwa, zuciyata tana kan Lichess, dandalin wasan ces (chess, wani irin wasan dara) da wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya buɗe a 2010. Kyauta ne, babu talla ko ɗaya, da gudummawar masu wasa ake tafiyar da shi. Ko ba ka taɓa sanin yadda doki, ɗaya daga cikin 'ya'yan wasan, ke tsalle ba, akwai sashen da zai koya maka tun daga tushe. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan an tashi wasa, kwamfuta takan nuna maka daidai inda ka yi kuskure. Sai dai ka guji wasan minti ɗaya, don tarkonsa ɗaya da na bidiyoyin nan. Zaɓi na minti goma, ka buga biyu, ka tashi.

Na karatu, Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya assasa a 1971, yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000 kyauta, galibinsu da Turanci. Sauke ɗaya, ka kashe data, ka karanta babi guda kowane dare. Da Hausa kuma akwai Wikipedia, wadda kai ma za ka iya gyarawa in ka ga kuskure.

Bayan wata guda ka rubuto min, ina son jin garin da ka fi daɗewa kana sauraron rediyonsa.