Tambaya da Amsa: Ina son in sauya abinci don in daidaita homon, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 29. Al'adata ba ta zuwa a kan kari, wani sa'in sai ta tsallake wata biyu, ga ƙuraje a haɓa, ga ƙiba tana ƙaruwa. Da rana nakan daure ban ci komai ba, amma da dare sai in ci kamar ba ni ba, in kwana ina nadama. Na ga wani tsari a intanet da aka ce yana daidaita homon: a bar madara da alkama da duk wani abu mai sitaci, a ci sau ɗaya a rana, a riƙa shan garin wasu ƙwayoyin tsirrai gwargwadon kwanakin al'ada. Ina son in fara ranar Litinin. Mece ce shawararki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. In dai shawarata za ki bi, ki dakata da wannan tsari. Abu biyu kike nema, al'ada ta daidaita kuma ki sami natsuwa wajen cin abinci, tsarin da kika kawo kuwa zai iya ƙara dagula miki na biyun ba tare da ya gyara na farkon ba.

Homon ba abu ɗaya ba ne da za a ce ya karkace a miƙe shi. Sinadarai ne masu yawa, kowanne da inda yake fitowa da aikinsa. Alamomin da kika lissafa suna kama da na PCOS, wato rikicewar homon da ke taɓa ma'ajiyar ƙwan mace, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a taɓa gano musu ba. Sai dai raunin tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban maƙogwaro, shi ma yana rikita al'ada ya kawo ƙiba. Haka yawan sinadarin furolaktin, homon da ke sa nono ya kawo ruwa. Kowanne maganinsa daban, kuma mai raunin tayirod ƙwayar magani take buƙata, babu abincin da zai maye gurbinta. Don haka asibiti ne farkon zango: gwajin ciki, gwajin jini na tayirod da sukari da homon, in an ga buƙata a haɗa da hoton mara.

In PCOS ɗin ce, a nan abinci yake da ta cewa, ta hanyar insulin, homon da ke daidaita sukari a jini. A jikin mata da dama masu wannan matsala, insulin ba ya aiki yadda ya kamata, sai jiki ya yi ta ƙara fitar da shi. Yawansa a jini yana tunzura ma'ajiyar ƙwai ta ƙara homon irin na maza, wanda shi ke kawo ƙuraje da gashin fuska, ya kuma hana ƙwai fita a kan lokaci. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan taimaka al'ada ta dawo. Amma ƙa'idojin kula da PCOS na ƙasa da ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ce babu wani tsarin abinci guda da aka tabbatar ya fi sauran. Barin alkama wajibi ne ga mai cutar siliyak, wadda alkama ke lahanta wa hanji, barin madara ga wadda madara ke ɓata wa ciki. Garin ƙwayoyin tsirrai kuwa abinci ne mai kyau, ki sha in kina so, amma jera shi bisa kwanakin al'ada ba shi da wata hujja mai ƙwari.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki. Cin daren nan da kike ɗauka rashin haƙuri ne, yunwar rana ce ke biyo bashinta. Daga 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, masanin nan Ancel Keys ya rage wa maza 36 lafiyayyu abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne halin da suka shiga: ba su da zance sai na abinci, wasu suka koma tara littattafan girki, ga saurin fushi, ga baƙin ciki. Da aka sake musu mara, wasunsu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu. Mutanen nan lafiyarsu ƙalau kafin a fara. Takurawar ce ta mayar da su haka.

Jiki yana da ma'aikatansa a wannan fage. Akwai girelin da tumbi ke fitarwa idan ya daɗe ba komai, yana kai ƙara ƙwaƙwalwa cewa a nemo abinci. Akwai leftin da kitse ke fitarwa, mai shaida cewa akwai ajiya. Ki wuni da shayi kaɗai, ƙarfe tara na dare ta same ki tsaye a gaban firji, kina ci daga cikin roba ba ki ko zauna ba. A wannan lokacin ba niyya ke jan ragama ba. Tsarin ci sau ɗaya a rana wannan halin ne dai aka sa wa suna mai daɗi. Kuma idan ƙarancin abinci ya yi tsanani, ƙwaƙwalwa kan rage saƙon da take aika wa ma'ajiyar ƙwai, al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

Abin da nake so ki gwada ya fi wancan sauƙi, shi ya sa ba ya tashe a intanet. Ki ci sau uku a rana, a lokuta sanannu, kada tazara ta wuce awa huɗu zuwa biyar. Ko da daren jiya kin yi ɓarna, ki karya kumallo da safe, kada ki hukunta kanki da yunwa, don a nan zagayen yake sake farawa. Kowane ci ya zamana da abin gina jiki a ciki, ƙwai ko kifi ko nama ko wake, da ganye mai yawa, da hatsin da ba a surfe shi tas ba. Abin da ake so shi ne aƙalla giram 25 na harza a rana, wato dusa-dusar da ke cikin ganye da wake da hatsi, domin tana rage saurin hauhawar sukari a jini, tana kuma riƙe ciki. In za a rage wani abu, a fara da lemon kwalba da kayan ƙwalam na kamfani. A wani gwaji da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa a 2019, mutum 20 sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 a rana a makonni biyun da aka ciyar da su irin wannan abinci, idan aka kwatanta da makonni biyun da suka ci abincin da ba na kamfani ba, alhali ba wanda ya ce su ƙara.

Barci ma yana cikin lissafi. A Jami'ar Shikago a 2004, an taƙaita barcin wasu samari zuwa awa huɗu na dare biyu kacal, sai girelin ya hau, leftin ya sauka, kwaɗayin zaƙi ya taso musu. Ki haɗa da tafiyar ƙafa bayan cin abinci, ko ta minti goma ce. Kuma kada ki tsorata in yunwa ta ƙaru a makon da al'ada ke gabatowa, haka jikin mata da yawa yake.

Idan kika ga bayan kin daidaita lokutan cin nan har yanzu kina cin abin da ya wuce misali a ɓoye, kina jin ba ki iya tsayawa, aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, ko kina ƙaƙaro amai, ko shan maganin zawo don ki rage, to ki gaya wa likita wannan ma ba tare da kunya ba. Lalura ce sananniya, kuma ana warkewa ta hanyar zama da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ranar da za ki je asibiti, ki tafi da kwanakin al'adarki na watannin baya a rubuce, da duk wani magani ko garin da kike sha, har wanda aka ce miki na ganye ne kawai.