Amsa ga mai tambayar yadda zai koya wa sababbin ɗalibai aiki da girid

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana da ɗalibai 14 a wata 'yar cibiyar kwamfuta a ƙasar Ringim, kwamfutoci huɗu, wuta kuma sai ta ga dama. In ka yi musu bayanin girid, wato layukan da mai zane ke ja a shafi don ya jera rubutu da hoto a kansu, sai su gyaɗa kai, da sun zauna aiki kowa ya watsa rubutu da hoto inda ransa ya so. Shekarata tara ina koyar da zane a shagona a ƙasar Dambatta, kuma biyun farko da wannan matsalar na yi ta fama.

Daga baya na gane daga wajena gyaran yake. A fuskar kwamfuta nake nuna musu layukan, su kuwa gani suke wani ƙarin wahala ne malam ya ƙirƙiro. Yanzu satin farko ba mai taɓa kwamfuta. Nakan kai su inda ake gini a bayan gari, mu tsaya mu kalli magini yana jan igiya kafin ya jera bulo. Sai in tambaye su, in an gama ginin nan, ina igiyar take? An naɗe ta, ba mai ganinta, amma duk wanda ya wuce ya san an ja ta saboda katanga ta miƙe. To girid ke nan. Yaran ƙauye sun riga mu saninsa, suna ne kawai ba su sani ba. Wanda ya taɓa yanka fangali a fadama ya bar hanyar ruwa tsakani, ko ya haƙa gurabun dara a ƙasa, da ka ce masa ratar da ke tsakanin ginshiƙan rubutu ita ce hanyar ruwan, ya gama ganewa.

Daga nan sai kowa ya zo da tsohuwar takarda daga gida: kalanda, shafin jaridar Aminiya, fastar walima, katin biki. In ba su rula da jan biro, su nemo layukan da mai zanen ya ɓoye. Kalanda ta fi sauƙi, ginshiƙi bakwai ne na kwanakin mako. A jarida nan ake jin surutu, don sai yaro ya ga hoton da ya zaci jefa shi aka yi ashe faɗin ginshiƙi biyu ya ci daidai. Fastar da ba a bi layi ba kuwa, za su yi ta nema su rasa inda za su ɗora rula, kuma da bakinsu za su ce shi ya sa take gajiyar da ido. Waɗanda suka yi makarantar allo nakan tuna musu Alƙur'ani bugun Madina, a duba da ido kawai, kusan kowane shafi layi 15 ne a cikin iyaka ɗaya, har mahaddaci yana tuna aya da mazauninta a shafi.

Sati na biyu su ja nasu. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. A bar 15 a kowane gefe, saura 180. A raba ginshiƙi uku masu faɗin 56, da rata 6 tsakaninsu, lissafi ya fita cif. Ka sa su yi da fensir da hannunsu, ko sau biyar ne. Sannan ka buga musu kayan katin ɗaurin aure guda, sunayen iyalai, ango da amarya, rana, lokaci, wuri, su yanka da almakashi su jera a kan layukan ba tare da gam ba. Mutum 14 za su fitar da tsari 14 a kan girid ɗaya, kuma wannan ne ke cire musu tsoron cewa layi zai ɗaure musu hannu. In akwai rubutun Larabci ko ajami, tuna musu daga dama yake tashi, don haka layin dama ne madogararsa.

Kada ka yi saurin kai su ginshiƙi 12 irin na masu zanen shafukan intanet. Yana da amfani, don 12 tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu da shida, amma sabon hannu ruɗewa yake. Uku ya ishe su wata guda.

Gefen takarda kuwa ka matsa musu a kai sosai. Wani ɗalibina ya taɓa kai sunan waliyyi har bakin kati, ni kuma ban duba ba, muka aika Kano aka buga 500. Da aka zo yanka, wuƙa ta cinye harafin ƙarshe. Na biya kuɗin sake bugawa, amma kunyar da na ji gaban dattijon nan ta fi kuɗin ciwo. Tun ranar, rubutu ba ya tsallake layin gefe a shagona, launin bango kuma sai ya zarce bakin takarda da milimita 3 saboda yanka.

Abin da zai fi ba ka wuya shi ne fili. Ɗalibi in ya ga wuri ba komai sai ya cusa fure ko tauraro, kuma ba laifinsa ba ne, masu kawo aiki ma cewa suke a cika nan, a ƙara wa sunana girma. Ka koya musu su nuna wa mai aiki tsari iri biyu, cikakken da mai fili, a manna a bango a ja baya taku goma. Sau da yawa da kansa yake zaɓar wanda ya iya karantawa daga nesa.

Game da ƙarancin kwamfuta, ni dokata ita ce ba mai zama a kujera sai ya nuna mini tsarinsa a takarda. In ya zauna, a manhajar zane ta CorelDraw abu na farko shi ne ya jawo layukan jagora daga rular sama da ta gefe, ya sa su a ma'aunin da ya riga ya lissafa, sannan ya shigo da rubutu. Huɗu na kan na'ura, goma na kan takarda, in an ɗauke wuta aji bai tsaya ba.

Ka gwada sati biyun nan, ka ɗauki hoton takardunsu ka turo mana nan mu duba tare. Allah ya yi wa aikin albarka.