Amsa: Ina ya fi dacewa a je ɗaukar hoton beyar girizili?

Malam, ka tambaya ko a gandun dajin Yellowstone na Amurka za ka samu hoton girizili, wato babbar beyar mai launin ƙasa-ƙasa, na kusa. Gaskiya da wuya. Dokar can ta ce ka tsaya aƙalla yadi 100 daga beyar, sau da yawa ɗigo kawai za ka hango a gefen tsauni.

Ni dai gandun dajin Katmai zan ce maka, a jihar Alaska ta Amurka. Babu hanyar mota zuwa sansanin Brooks, inda masu ziyara ke sauka a gandun, yawanci daga garin King Salmon ake hawa ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Kana isa jami'an gandun za su zaunar da kai su karanta maka ƙa'idoji: tazarar yadi 50, ba yawo da abinci, kuma ko ta tunkaro ka kada ka ruga.

Ka nufi watan Yuli. Lokacin ne kifin samon ke hawowa kogi, yana tsalle a magangarar Brooks, beyar ta kafa ƙafafu a bakin ruwan, baki buɗe, kifi ya faɗo mata ciki. Kai kana kan dandamalin katako, sai dai cunkoso ya kan sa a bi layi. A Satumba sun yi ƙiba sosai, amma ruwan sama ya fi yawa, don haka ka tanadi abin rufe kyamara.

Duk ɗan jagoran da ya yi maka alkawarin matsar da kai dab da ita, rabu da shi. A wannan gandun ne beyar ta kashe wani mai sha'awar beyar, Timothy Treadwell, da abokiyarsa a 2003, bayan ya shafe shekara 13 yana zuwa zama cikinsu. Ka ɗauki dogon gilashin kyamara mai milimita 400, ya ishe ka.