Amsa ga Malamar da jagororinta suka koma karantarwa irin ta firamare

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Wallahi tambayarki ta fama mini ciwo, domin abin da kika faɗa shi ne damuwar duk wanda ya riƙe wannan aiki a cikinmu. Kin ce kin yi wa jagorori 18 bitar kwana uku kan tafiyar da da'irar karatun manya ta hanyar tattaunawa, amma da suka koma ƙauyukansu kowa ya miƙe gaban allo yana biya wa mutane baƙi kamar 'yan aji ɗaya, mata suna ta janyewa, yanzu kuma an sake ba ki kwana uku ki gyara. Har kina tambaya ko ke ce ba ki iya ba.

Ba ke ba ce. Mutum ya yi shekara goma sha biyu a makaranta yana kallon malami a tsaye da alli, dalibai suna amsa amo, kafin nan ya yi makarantar allo inda ake biyawa a maimaita. Wannan shi ne abin da jikinsa ya sani da sunan karatu. Kwana uku a zauren otel ba za su kankare shi ba, balle idan a kwana ukun nan shi ma zaunar da shi aka yi a kujera, aka kunna majigi, aka yi ta yi masa lacca kan illar lacca. Abin da aka yi masa shi zai yi wa mutanensa, ba abin da aka gaya masa ba.

Ranar da ta fi ciwo a aikin nan ita ce ranar ziyarar mako na shida. Za ki isa gari da azahar, a kai ki zauren mai unguwa. Rajista ta ce mata 25, ki ƙirga ki ga bakwai. Jagorar tana tsaye, ta juya musu baya tana rubutu, ta ɗauki kara tana nuna ba, be, bi, bo, bu, su kuma suna amsawa a hankali don kada yaran da ke leƙe ta taga su ji muryar iyayensu. Kwalayen da aka raba ranar bita suna naɗe a lungu da robarsu, ba a ko kwance ba. Sai ta kira wata dattijuwa, mai jikoki, mai sana'ar ƙuli da ke riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka ba tare da kuskuren ko kwabo ba, ta ce ta fito ta rubuta harafin ɗa. Hannun ya yi ta rawa, allin ya karye, wata ƙaramar amarya ta ƙunshe dariya. Dattijuwar ta koma tabarma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Wannan baiwar Allah ba za ta dawo ba, kuma ba za ta tafi ita kaɗai ba, sai ta tafi da surukarta da maƙwabtanta uku. Abin da ke ƙona rai shi ne jagorar ba mugunta ta yi ba. Ta yi shiri, ta zo a kan lokaci, tana jiran ki yaba mata. Ki dube ta ki rasa ta inda za ki fara.

Masu laifin gaskiya su ne waɗanda suke zaune a ofis su yanke kasafin horo. Tsarin Reflect na koyar da manya karatu ta hanyar tattaunawa da yawancinmu muke bi, wanda ƙungiyar agaji ta ActionAid ta gwada a Yuganda da Bangaladash da El Salbado tsakanin 1993 da 1995, an gina shi ne a kan horon farko na wajen mako biyu, sannan haɗuwar jagorori a kai a kai. Sai a zo a matse shi ya koma kwana uku, rabin rana ta farko ta tafi a jawabin manyan baƙi da ɗaukar hoto, rabin rana ta ƙarshe a layin kuɗin mota. Akwai kuɗin kama zaure mai sanyi da buga riguna, babu kuɗin man babur na ziyara. Sannan alawus ɗin jagora, wanda bai taka kara ya karya ba, a riƙe shi wata huɗu, wata biyar. Yarinya ta bar saƙarta ko tallarta ta riƙe da'ira, mijinta yana mata gori, in ta kira waya a ce takardu suna sama. Ƙarshen shekara kuma a rubuta rahoto a ce jagorori ba su da himma. Wannan zalunci ne, kuma ina roƙon duk wanda ke cikin zauren tattaunawar nan namu da ke da ta cewa a kan kasafi ya ji tsoron Allah a kan waɗannan bayin.

To, kwana uku aka ba ki, bari mu yi da abin da ke hannu. Kada ki yi bitar a otel. Ki nemi gari ɗaya daga cikin garuruwan da'irorin, ki sami izinin dagaci, a yi a makarantar garin ko a inuwar bishiya. A fitar da kujeru, a shimfiɗa tabarmi a zagaye, ke ma ki zauna ƙasa. Majigi ya zauna a gida. Mutum 18 sun yi wa mai horo ɗaya yawa, ki nemi na biyu ku raba su tara tara.

Safiyar farko kada ki yi bayanin komai. Ki ɗauke su a matsayin da'ira, ki ce su zana miki taswirar garin a ƙasa. Toka ta zama hanya, kara ya zama katanga, murfin kwalba ya zama rijiya, tsakuwa gida, ganye gona. Ki miƙa sandar ga wani ki ja da baya, ki haɗa hannuwanki a baya in ya kama, domin hannu ne ke fara cin amanar jagora. Wannan miƙa sanda koyarwar Robert Chambers ce, wani masanin raya karkara ɗan Birtaniya, kuma rabin aikin yana cikinta. Za su yi gardama kan inda burtali ya bi, ki bar su. In sun gama, tambayoyi biyar kawai, a jere: Me kuke gani a nan? Me ya sa haka? Wa abin ya fi shafa? Me za mu iya da kanmu? Wa zai yi, kuma yaushe? Sai wani ya kwafe taswirar a kwali da maka, a sa hoto kusa da kowace alama, sannan a ciro kalma ɗaya daga bakin mutane. A ce rijiya ce ta fi jan magana. A rubuta ta kusa da hotonta, a raba ri, ji, ya, a fitar da danginsu, ra re ri ro ru, ja je ji jo ju, ya ye yi yo yu, a bar mutane su haɗa da kansu: jiya, jira, yara, juya, raya, jeri. Kin ga baƙin bai ɓace ba. Wannan ki nanata musu, domin yawancin jagorori suna komawa allo ne saboda suna ganin taswira wasa ce, karatu kuma daban. Sai sun ga da idonsu inda taswira ta haifi harafi hankalinsu ke kwanciya. Bayan an gama duka ne za ki tambaye su: me na yi, me ban yi ba? Su ciro ƙa'idojin da bakinsu.

Daga azahar ɗin ranar farko zuwa ƙarshe, bakinki ya huta. Kowane jagora ya jagoranci zama aƙalla sau uku, minti 20 kowanne, minti 10 na gyara. Ki yi lissafi, mutum tara sau uku sau rabin awa, awa goma sha uku da rabi ke nan a kowane rukuni, don haka babu sararin lacca ko kin so. Ga dabarar da ta fi duk wata nasiha aiki: ki ba mutum ɗaya kwano biyu da tsakuwa. Duk lokacin da jagora ya yi magana a jefa ɗaya a kwanon dama, duk lokacin da ɗan da'ira ya yi a jefa a na hagu. In an gama a juye a gabansa. Ba sai kin ce komai ba. A zagaye na biyu a ƙara mai lura na biyu da zai riƙe sunayen waɗanda ba su ce uffan ba. Wajen gyara kuma, wanda ya jagoranta shi zai fara faɗin inda ya ga ya yi daidai da inda ya kuskure, sannan 'yan uwansa, ke ce ta ƙarshe, kuma gyara ɗaya tak za ki ba shi. In kika jero masa shida babu wanda zai riƙe, sai dai ya riƙe kunyar.

Ki koya musu haƙuri da shiru. Sabon jagora yana yin tambaya, daƙiƙa biyu ba a amsa ba sai gabansa ya faɗi ya amsa wa kansa, daga nan mutane sun gane cewa in sun yi shiru zai yi musu aikin. Ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake buɗe baki. In har shirun ya ci gaba, kada ya nuna mutum da yatsa, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi su tattauna bibbiyu minti uku, sannan a dawo. Kuma su daina "ko ba haka ba?" da "kun gane?", amsarsu ɗaya ce kullum.

Akwai abubuwan da littafin jagora da aka fassaro ba zai gaya musu ba. Amarya ba za ta yi magana a gaban uwar mijinta ba, don haka in za a raba ƙananan rukuni a raba su da hikima, ba tare da an faɗi dalili ba. Mace da yawa ba za ta furta sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai jagora ya zo darasin rubuta sunayen iyali ya matsa mata a gaban jama'a. A bar ta ta fara da nata sunan da na autanta. Matar mai unguwa ko ta liman in ta riga kowa magana, an gama, babu mai saɓa mata, saboda haka a girmama ta da riƙon kwali ko rufe zama da addu'a, a nemi ra'ayinta a ƙarshe. Rana ta biyu ki sa wasu su taka waɗannan halaye, mai mamaye magana, mai shiru, mai zuwa a makare da goyo yana kuka, mai tambayar yaushe za a raba keken ɗinki, kowa ya gwada yadda zai yi da su. Wannan ta ƙarshen a ba ta amsa ta gaskiya tun ranar farko, in babu a ce babu. Alkawarin da jagora ya yi don ya cika rajista shi ke watsa da'ira a wata na uku.

Kuma don Allah a daina ce wa mutanen nan jahilai. Da yawansu suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta ajami. Jagora ya tambaya tun farko, wanda ya iya ajami ya rubuta kalmar da shi kusa da ta boko. Masanin ilimi Paulo Freire, wanda aikinsa a Angikos ta ƙasar Barazil a 1963 ya zama tushen wannan hanya, ya kira karantarwar da ke ɗaukar mutum kamar asusun da ake zuba wa ajiya da sunan ilimin banki. Mu a nan mun san illarsa tun kafin mu ji sunan.

Wani abu da ke damuna, ko da ba shi kika tambaya ba: me za su karanta bayan sun iya? Zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin an san wanda ya koyi baƙi bai sami abin karantawa ba zai manta. Yau sai a yaye mutane hannu wofi. Ki sa jagorori su riƙa rubuta abin da da'ira ta faɗa da manyan baƙi, shafi ɗaya kowane mako, a haɗa a ɗinke, da'irori su yi musanya. Ki kuma duba rubutun jagororin kansu, ki sa kowa ya rubuta wasiƙa mai layi goma, za ki tarar wasu ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, suna rubuta "kasa" a wurin "ƙasa". A gyara wannan a keɓe, ba a gaban 'yan uwa ba.

Rana ta uku a fita wurin mutanen garin na gaske, jagorori bibbiyu, ɗaya yana jagoranci ɗaya yana riƙe kwanon tsakuwa. Ku yi kalandar shekara a ƙasa, damina, kaka, hunturu, rani, bazara, a zuba ƙwayar wake a ƙarƙashin kowanne gwargwadon yawan aiki, har goma. Daga nan lokacin zaman da'ira zai fito da kansa. Za a ga inda shuka da noma suke cinye mutane, a rage zama ko a ɗaga shi, a kauce wa ranar kasuwa, a yi shawara kan azumi tun da wuri. Ga mata, tsakanin azahar da la'asar ya fi, bayan la'asar tukunya ta kira su. Zama kada ya wuce awa biyu.

Kafin a watse ki ɗaura su bibbiyu bisa kusancin gari, kowa ya ziyarci da'irar ɗan uwansa sau ɗaya a wata, sannan a tsayar da ranar haɗuwar wata wata, ana zagayawa gari gari. Ki dubi Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin adashin mata da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, matan ƙauye ne suke koya wa wasu matan ƙauye, abin ya bazu har ya wuce Nijar. Ke kuma ki kai ziyarar farko cikin mako biyu, kada ki jira na shida, domin a makon farko da na biyu ne jagora ke yanke shawarar komawa allo. In kin je ki zauna cikin da'irar, kada ki karɓe zaman ko kin ga yana karkacewa, ki jira mutane su tafi. In masu kasafin sun ce babu kuɗin ziyara, ki nemi a cire kuɗin otel da na riguna a mayar can, ki rubuta buƙatar a takarda, ki riƙe kwafi. Ki faɗa mana ko da'irorin naki na mata ne zalla ko akwai na maza, domin na maza lokacinsu da matsalarsu daban ne, sai a ƙara miki bayani a kai.