Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan agape da fileo

'Yar'uwa, ina karanta tambayarki raina ya sosu. Kin ce kin tambayi mai koyarwa ko da gaske a Helenanci kalmar agape ƙaunar Allah ce kaɗai, fileo kuma ta mutum, a hirar Yesu da Bitrus ta Yohanna 21, sai ya ce ba ki da biyayya. Ni nawa ya fi muni. A nazarin Littafi na ranar Laraba, wani dattijo ya cire tabarau ya nuna ni da shi, wai yaushe mai sayar da atamfa ta koyi Helenanci. Aka kwashe da dariya, har da matan zumuntarmu, ga 'yata zaune kusa da ni. Har yau in na gan shi yana zagawa da kwanon baiko sai abin ya taso mini. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, matarsa ma ta daina amsa gaisuwata.

Ki buɗe Yohanna 3:35 da 5:20. Duka biyun Uba ne ke ƙaunar Ɗa, amma na farko agapao ne, wato aikatau na agape, na biyu fileo. To, ƙaunar Uba raguwa ta yi a sura ta 5? Mutanen da suka ƙaunaci duhu a 3:19, agapao aka rubuta. Haka Dimas da ya yashe Bulus don son duniya, 2 Timoti 4:10.

Kuma a nahawu agape suna ne, ba ya ma cikin hirar Yesu da Bitrus. Aikatau ne a wurin. Sau biyu Yesu ya ce agapas me, wato kana ƙaunata, na uku ya ce fileis me, daga fileo, Bitrus kuwa filo se, wato ina ƙaunarka, ya amsa duka ukun. Akwai malaman da ke ganin bambanci a nan, ban raina su ba, amma a ayoyin nan dai Yohanna ya sassauya kalmar kiwo da ta tumaki, ban ji mai wa'azi ya tsaya a kansu ba.

Don Allah kada ki ja da mai koyarwar a gaban jama'a, ke za a ɗora wa laifi. Kada kuma ki daina zuwa sujada saboda mutum ɗaya. Ki sauke manhajar da ke jera Helenanci kalma-kalma a wayarki, ki rubuta ayoyin nan a takarda, ki kai wa fasto ke kaɗai bayan an tashi.